Me ya kamata a zuba a jakar keke kafin a sauka daga kwalta?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar manya. Na samu keken hawan dutse na tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, taya lamba 29, giya goma a baya, birkin faifai mai aiki da mai. Ina so in bi ku fitar Asabar ɗin nan da aka ce za a tashi daga Ikorodu, a bi ta Imota da Agbowa, a shiga hanyoyin gona har a ɓulla wajen Itoikin. Hular kwano da gorar ruwa kawai nake da su. Me da me zan saya na gyara? Aljihun ba nauyi, don haka a faɗa mini na dole, ban da na ado.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bari su sa ka zubar da kuɗinka. Legas ce fa nan. Na daɗe ina acaɓa kafin a hana mu a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere, a Yunin 2022, kuma ko sifana ban taɓa ɗauka ba. Duk inda ka tsaya ka waiga, ga mai faci da injinsa a gindin bishiya. Sa 'yan canji a aljihu, ka cika waya da caji, ka taho.

Baba Mai Keke: Ɗana, maganarka gaskiya ce a kan babur, amma ba a kan keken yaron nan ba. Da faci da gyaran keke na ci abinci a Idi-Araba tun wasu a zauren nan ba su fara tafiya ba, don haka bari in lissafa maka abin da mai facin bakin titi yake da shi: injin iska, da gam, da guntayen roba, da doguwar libar ƙarfe da ake ɓamɓare tayar mota da ita. Ba shi da tub lamba 29. Ba shi da mahaɗin sarƙa mai giya goma. In kuma bakin tub ɗinka siririn nan ne da ake kira Presta, ko iska ba zai iya ba ka ba, domin kan injinsa na Schrader ne, mai kaurin nan irin na mota da babur. Zai yi ta juya tayar yana kallonka, kai ma kana kallonsa.

Abin da nake gaya wa yara kullum shi ne, abin da ake samu a hanya a bar wa hanya, a ɗauki abin da kekenka shi kaɗai yake ci. Ɗan Agege, fara leƙa bakin tub ɗinka ka gaya mana, siriri ne ko mai kauri?

Ɗan Agege: Baba na duba. Siriri ne, da wani ɗan noti a kansa da ake murzawa.

Baba Mai Keke: Presta ke nan. To abin farko da za ka saya ɗan ƙarfen tagullar nan ne da ake murzawa a kan bakin, ya mayar da shi irin na mota. Bai kai kan ɗan yatsa ba, kuma ya fi komai araha a jakar. Sayi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya ka bar shi a jikin tayar. Sai tub sabo guda. Sai famfon hannu mai ɗan kauri, ba siririn 'yan tseren kwalta ba, don tayarka tana shan iska da yawa. Sai liba biyu ta roba. Kada ka yarda a sa wa rim ɗinka libar mota, alminiyam ne, nan da nan zai lotsa. Kuma in dole ta kai ka wurin mai faci, ka tsaya a kansa lokacin ba da iska. Hannunsa ya saba da tayar danfo, sai ya ji ta yi tauri kamar dutse yake yarda ta cika.

Mutumin Jos: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni a duwatsun Shere na koyi wannan hawan, kuma abin da ke kashe keke a can daban ne da na nan. A can dutse ne ke tsaga gefen taya, ko ka dira da ƙarfi rim ya ciji tub ya bar masa huji biyu a jere. A nan kuwa ba dutsen, sai yashi da laka da ruwa, sai ƙaya da fasassun kwalabe a bakin ƙauye. Yanzu kuma Yuni ne, watan da ruwa ya fi zuba a Legas. Don haka duk jerin kayan da mutum ya kwaso daga bidiyon Turawa masu gangarowa daga tsaunuka, ya tace shi tukuna. Abokan gabanmu a hanyar Agbowa su ne huda, da sarƙa, da takalmin birki.

Injiniya na Ikeja: Mutumin Jos ya kawo ni inda nake so. In huda ce matsalar, me ya sa har yanzu ake maganar tub? Baba, da girmamawa, zamani ya wuce nan. Ni tubles nake hawa, wato taya marar tub a ciki. Ana zuba ruwan faci a cikin tayar, ƙaya ta shiga, ruwan ya toshe hujin kana tafe ba ka ma sani ba. In hujin ya yi girma ka cusa igiyar faci da ɗan tsinkenta, irin wadda ake yi wa tayar mota amma siririya, minti biyu ka hau. Ga shi kana iya rage iska zuwa psi 23 ko 25 a ma'aunin iska, tayar ta baje a kan yashi ba ta nutse ba. Mai tub in ya rage iska haka, cizon rim ɗin da aka ambata ne zai same shi. Maimakon famfo kuma ina ɗaukar 'yar kwalbar iskar CO2, mai giram 25, don mai giram 16 ba ta cika taya 29 mai faɗi yadda ya kamata.

Baba Mai Keke: Injiniya, ban ƙi tubles ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. A jakarka akwai tub ko babu?

Injiniya na Ikeja: Akwai guda ɗaya, Baba. Na ko-ta-kwana.

Baba Mai Keke: To ka ga ba mu rabu ba. Ranar da kwalba ta yanka gefen tayar, ruwan nan fita zai yi ya wanke maka ƙafa, igiya kuma ba ta riƙe gefe. Dole ka koma kan tub. Kuma a ranar akwai aiki biyu da mutane ke mantawa. Na ɗaya, tayar tubles da ta daɗe tana cike da ƙayoyin da ruwan ya rufe a baya, suna nan tsaye a ciki. In ba ka bi da yatsa a hankali ka zare su duka ba, sabon tub ɗin ba zai kai ka ko'ina ba. Na biyu, sai ka cire bawul ɗin tubles, wato bakin ba da iska, kafin tub ya shiga, notinsa kuma in laka da tsatsa sun kama shi, yatsa ba ya kwance shi. Ƙaramar filaya ke nan ta shigo jaka.

Sannan zafin garin nan yana busar da ruwan. Wanda aka zuba da ƙaramar Sallah, kafin babba ta wuce ya fara zama danƙo. Mai tubles ya girgiza tayarsa ranar Juma'a, in bai ji motsin ruwa ba, tubles ɗin suna ne kawai.

Ita kuwa kwalbar iska, harbi ɗaya gare ta. In kan bai zauna daidai ba ta huce a banza, ta bar ka da sanyin da ke ƙona yatsa. Famfo ba ya ƙarewa.

Injiniya na Ikeja: Maganar bushewar ruwa na yarda. Amma in mutum goma suna tsaye a rana suna jiran ɗaya yana famfo sau ɗari biyu, za a gane amfanin kwalbar. Ni duka biyun zan riƙa ɗauka, kowa ya huta.

Alhajin Mile 12: Ni dai ina karantawa ina dariya. Jakata ta baya akwai tub uku, sifana mai daidaitawa, guduma ƙarama, sukundireba biyu, taya guda a naɗe, da galan ɗin ruwa. Ba a taɓa barina a hanya ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Alhaji, ba a taɓa barinka a hanya ba saboda mu ne muke tsayawa jiranka a kowane hawa. Guduma kuma ta mece ce, gini za mu yi a Itoikin?

Alhajin Mile 12: Ranar da fedarka ta lanƙwashe za ka zo kana kiran Alhaji da ladabi.

Ɗan Agege: Manya, na rubuta: ɗan ƙarfen bawul, tub, famfo, liba. To kayan faci fa? In ina da sabon tub, sai na ƙara da su?

Baba Mai Keke: Sai ka ƙara. Tub ɗaya huda ɗaya yake magancewa, hanyar gona kuma ba ta yi maka alkawarin huda ɗaya ba. Kayan facin duka ba su fi akwatin ashana girma ba: 'yan faci, gam, da guntun takardar goge ƙarfe. Amma ka kula, gam ɗin da aka taɓa buɗewa bushewa yake yi a cikin bututunsa ko da an rufe, don haka ka matsa shi a gida ka gani. Yadda ake yi kuma: ka kankare wurin ya fi facin faɗi, ka shafa gam kaɗan, ka jira kamar minti biyar sai ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen gam ita ke sa a ce faci bai da kyau. In ana ruwa, kada ka wahalar da kanka, sa sabon tub, ka yi facin tsohon idan kun sami rumfa.

Ga wata dabara ga masu fita a ƙungiya. Tub lamba 27.5 yana miƙewa ya shiga taya 29, yana kuma shiga 26 in an lallaɓa shi. Bakin Presta kuma yana shiga kowane rim, alhali Schrader ba ya shiga ƙaramin huji. Wanda ya ɗauki 27.5 mai bakin Presta zai iya ceton kusan kowa a tawagar. Ba na dindindin ba ne, amma ya kai mutum gida.

Mutumin Jos: A dawo kan sarƙa, don ita ce nake ganin za ta ba da kunya ranar Asabar. Laka da yashi in sun shiga, mutum ya canza giya yana tsaye a kan feda a hawa, sai ka ji ƙas. Abu biyu ke gyara wannan: abin yanke sarƙa, wanda ke tura ƙusar gaɓar da ta lalace ta fita, da mahaɗin sarƙa, 'yan ƙarafa biyun nan da ke shiga juna su kulle. Mahaɗin kuwa kowace sarƙa da nata. Mai giya shida da bakwai da takwas suna iya tarayya, amma tara daban, goma daban, sha ɗaya daban, sha biyu daban, saboda duk ƙarin giya sarƙar ƙara sirancewa take yi. Ɗan Agege, naka na goma ne, ka ƙirga faranta na baya da idonka kafin ka saya, kada ka dogara da abin da mai sayar da keken ya gaya maka. Ka manne shi da salatif a jikin wayar birki ko a ƙarƙashin sirdi, don in ka jefa shi a jaka ba za ka gan shi ba ranar buƙata.

Tsohon Ɗan Acaɓa: To ai makanikan babur suna da mahaɗin sarƙa. Kowane ƙauye akwai su.

Mutumin Jos: Suna da na babur, Yaya. Tazarar gaɓoɓin ɗaya ce, rabin inci, amma faɗin ba ɗaya ba ne ko kusa. Ba zai ratsa tsakanin farantan giya ba. Kuma makanikin babur da guduma da ƙusa yake yanke sarƙa, in ya yi wa ta giya goma haka ya gama da ita.

Yadda ake kulle mahaɗin ba tare da filaya ba: ka juya feda har ya hau layin sama na sarƙar, ka riƙe birkin baya, ka taka feda da ƙarfi sau ɗaya, za ka ji ya shiga.

Injiniya na Ikeja: Ni kuma abin da zan roƙi kowa ya nema shi ne kunnen giya. Ɗan guntun alminiyam ɗin nan da ke riƙe da na'urar canza giya a jikin firem. Da gangan aka yi shi da laushi, don in keke ya faɗi ta dama ko reshe ya shiga, shi ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firem ɗin. Matsalar ita ce iri-irinsa sun yi yawa ƙwarai, kusan kowane kamfani da siffarsa. Kamfanin SRAM ya fito da na bai-ɗaya mai suna UDH a 2019, sababbin kekuna da yawa sun koma kansa, amma kekunanmu na tokumbo galibi sun girme shi. Ba a samunsa a Agbowa, a cikin Legas ɗin ma sai an sha yawo ko an yi oda. Ka kwance naka, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka fara nema tun yanzu. Ba zai iso kafin Asabar ba, amma a fara.

Ɗan Agege: Yaya Injiniya, in ya karye ba ni da wani fa? Turawa zan yi?

Injiniya na Ikeja: A'a, abin yanke sarƙar nan zai fitar da kai. Ka cire na'urar gaba ɗaya, ka ɗora sarƙar a kan faranti na tsakiya inda ta miƙe sosai, ka rage tsawonta ka haɗa. Keken ya koma mai giya ɗaya, ka lallaɓa a hankali. Sai dai wanda kekensa ke da sifirin mai shanye gargada a baya ya yi hattara, don tazarar tana canzawa idan sifirin ya motsa, sarƙar na iya tsinkewa ko ta ja wani abu. In yana da makulli ya kulle shi tukuna.

Baba Mai Keke: Duk wannan yana cikin ƙarfe ɗaya in an iya saye. Akwai mai naɗewa da ke ɗauke da alanki, makullin kusoshi masu rami mai kusurwa shida, daga lamba 2 zuwa 8, da sukundireba, da abin yanke sarƙa, da mai kan tauraro T25. Mafi yawan kusoshin keke 4 da 5 da 6 ne, faifan birki mai kusoshi shida kuma tauraron nan yake ci. Amma kada a sayi na banza mai laushi, wanda zai cinye kan ƙusa ya bar ka da aiki biyu. Kuma ka bi kekenka da shi a gida ƙusa bayan ƙusa, ka ga ko akwai wadda bai kama ba. Wasu kekunan tayarsu da noti take ɗaure, ba da ɗan hannun da ake buɗewa da yatsa ba. Mai irin wannan in bai ɗauki sifana lamba 15 ba, tub goma ma ba su amfane shi ba, don tayar ba za ta fita ba. A nan sifanar Alhaji ta yi rana.

Alhajin Mile 12: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A rubuta a ajiye.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Gudumar dai har yanzu ba a wanke ta ba.

Mutumin Jos: Sauran yankan gefen taya. Ko ka sa sabon tub, zai leƙo ta wurin yankan ya fashe, sai an yi masa shimfiɗa daga ciki. Mu a can naira hamsin ta leda muke ninkewa mu sa, tana da ƙarfi, ba ta jin ruwa.

Ɗalibin Lauya: Yaya, a yi hattara da wannan shawarar a bainar jama'a. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta takardar naira, hukuncin kuma ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Na san ba wanda zai buɗe tayarka a daji, amma tunda akwai abin da ya fi ta aiki, me ya kai mu?

Baba Mai Keke: Yaron nan ya yi gaskiya, kuma ba sai an je ga kuɗi ba. Ka yanko gefen tsohuwar taya kamar faɗin yatsa uku, ko ka fasa bututun man goge baki da ya ƙare ka wanke. Ko guntun buhun shinkafa a ninka. In duk babu, ledar fiyawata ninki huɗu tana kai mutum bakin titi, kuma ita ba a rasa ta a ƙasa ko'ina a jihar nan, abin takaici. Ku haɗa da igiyar roba da aka yanka daga tsohon tub, da 'yan maɗauran roba masu haƙori, da salatif baƙi a naɗe a jikin famfo. Sifok, wato wayar da ke riƙe rim, in ya karye, ka naɗe shi a jikin na kusa da shi ka ci gaba, birkin faifai bai damu da ɗan karkacewar rim ba.

Anti Nas: Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu ake ta jinyar keke, ba wanda ya tuna da mai hawansa. Ni abin da nake gani a wurin aiki shi ne gwiwa da tafin hannu da suka goge a ƙasa, an wanke da ruwan kududdufi, an ɗaure da tsumma, bayan kwana uku a zo da kumburi. Kowa ya sa bandeji, da auduga mai tsabta a leda, da filasta, da ɗan maganin wanke ciwo. Ruwan sha mai tsabta shi ne farkon abin wanke rauni, a zuba da yawa har ƙasar ta fita. Wanda ya daɗe bai yi allurar tetanos ba ya je ya yi, masu wasa da ƙarfe da laka ne ku.

Na biyu, zufa. Iskar Legas a jiƙe take, zufa ba ta bushewa, mutum yana ta zubar da ruwa da gishiri bai ankara ba sai ƙafa ta ɗaure. Ku sayi ƙullin gishiri da sukari na kemis, ko ku haɗa da kanku: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gora ɗaya ba ta isa wannan tafiyar, Ɗan Agege. Dabino da gyaɗa da ayaba sun wadatar a aljihu.

Na uku, damina ce kuma gona za ku ratsa. In maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Kada a ce ya tuƙa kekensa. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767, ku sa a waya.

Alhajin Mile 12: Anti, Allah ya saka. Ke ma za ki fito ranar?

Anti Nas: In aiki ya bari, Alhaji. Amma shugaba ya tambaya mana ko ba a bikin Oro na gargajiyar Yarbawa a garuruwan da za a ratsa, don ranar da ake yinsa mata ba sa fita, kuma a yankin Ikorodu ba wasa ake da shi ba. Mata masu zuwa kuma a ɗaure bakin wando na dama, a sa hijabin da bai sauko har sirdi ba. Na ga yadda sarƙa ke cin mayafi.

Tsohon Ɗan Acaɓa: To ni ma bari in kawo tawa, tunda an kayar da ni a kan mai faci. Akwai kayan da ba na gyara ba amma sun fi alanki muhimmanci ga Bahaushe a hanyar gona a ƙasar Yarbawa. Katin shaida, na ƙasa ko na wurin aiki, a leda. Kuɗi a hannu, ƙanana, don inda sabis ya ɗauke turawa ta waya ba ta aiki. Sannan wuƙa. Na san wasu ƙarafan naɗewar nan suna zuwa da 'yar wuƙa, wasu kuma suna sa ta daban don yanka roba. Ni shawarata a bar ta a gida. Samari goma baƙi sun ɓullo ta bayan gonar rogo, 'yan sintirin gari sun tare su sun buɗe jaka, ba na son abin da za a fara gani ya zama wuƙa. Ƙaramin almakashin Anti ya isa yanka duk abin da za a yanka. Kuma a riƙa gaisuwa. Wanda ya iya Yarbanci ya shige gaba, in an ga manomi a tsaya a tambayi hanya ko da an san ta.

Baba Mai Keke: Wannan maganar ta fi duk wadda na yi.

Ɗalibin Lauya: A ƙara da sauke taswirar yankin a waya tun daga gida, da gaya wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

Injiniya na Ikeja: Ba a taɓa maganar birki da mai ba. Yashi da ruwa suna cinye takalmin birki da sauri, a fita ɗaya ta damina ana iya gamawa da wanda ya riga ya yi rabi. Kowa ya haska tocila ya duba nasa, in naman ya kusa ƙarewa ya canza a gida, ya sa tsohon a jaka. Shi ma kowane birki da siffar takalminsa. Man birki kuwa ba a gyaransa a daji, kuma kada wani makanike ya ɗura muku na mota. Birkin kamfanin Shimano man ma'adini yake sha, na mota yana lalata robobinsa. Kuma duk wanda zai cire taya don sa keke a danfo zuwa Ikorodu, ya cusa guntun kwali tsakanin takalman, don in wani ya matsa birkin babu faifai a ciki, haɗewa za su yi.

Man sarƙa a ɗauki ɗan kaɗan mai kauri na damina, da tsumma. Bayan an ratsa ruwa a goge, a ɗiga, a sake gogewa.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Baƙin mai fa? Shi muke sa wa babur.

Baba Mai Keke: In babu wani, sabon man inji ɗigo kaɗan ya fi bushewa. Amma wanda aka juye daga inji, a'a, da garin ƙarfe a cikinsa, ga kama yashi. Ko wanne ne, kada ya kusanci faifan birki.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai, manya. Kuɗina za su kai ɗan ƙarfen bawul, tub, liba, kayan faci, mahaɗin sarƙa da bandeji. Famfo da ƙarfen naɗewa sai wata mai zuwa. Zan iya zuwa a haka?

Shugaban Zaure: Ka zo. Abin da ke na kowa da kowa za a raba: famfo biyu sun isa tawaga, Injiniya da Mutumin Jos suna da abin yanke sarƙa, Alhaji ya kawo sifanarsa ya bar taya da galan a gida. Abin da ke na kekenka kaɗai, wato tub da mahaɗi da takalmin birki, wannan ba a aro. Sharaɗi ɗaya, Ɗan Agege: kafin Juma'a ka cire tayar baya ka fitar da tub ka mayar da hannunka, ka turo mana hoto. In ta gagare ka, ka kai wa Baba ya nuna maka. Maganar Oro zan tambayi mutanenmu na Ikorodu gobe in sanar. Haɗuwa bayan sallar asuba, in an wayi gari da ruwa mai ƙarfi a duba zaure kafin a fito.

Baba Mai Keke: Ya same ni bayan la'asar, ya zo da libarsa.

Alhajin Mile 12: Shugaba, taya da galan na ji. Gudumar ba a ambace ta ba, don haka tana zuwa.